Kafin a zuba wa tsohuwar Fijo 504 babban inji

Assalamu alaikum Edita. Ka ba mu fili mu ja hankalin masu tsofaffin motoci, musamman Fijo 404 da 504, da suke kawo su gareji a ce a cire injinsu a sa wanda ya fi girma. Aikin yana yiwuwa. Amma kuɗin injin shi ne ƙaramin abu a cikinsa, kuma yawancin motocin da ke zaune a kan duwatsu a garejojin Sabon Gari da Tudun Wada, an sayi injinsu ne kafin a ɗauki tef a gwada.

Ita 504 da kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, injinta mai cc 1971 ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, kuma a kishingiɗe yake zaune, digiri 45. Shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa. Injinan Toyota da mutane ke kwaɗayi, irin su 22R mai lita 2.4 da 3RZ mai lita 2.7, a tsaye suke. Sai ka ga sama ya tokari bonet, ƙasa kuma kwanon mai ya zauna a kan ƙarfen da ke riƙe da sitiyari. Don haka a fara auna tsawo daga bangon inji zuwa lagireto, da faɗi, da tsayi. A bar tazarar yatsa biyu, wajen santimita 2 zuwa 3, ta kowane gefe, domin inji yana motsi a kan kujerunsa idan an taka totur.

Idan dole ta sa a yanke kwanon mai a sake masa walda, to a gyara bututun da ke zuƙo man tare da shi, bakinsa ya tsaya kimanin santimita 1 daga gindin kwanon. In ya yi nisa, wajen shan kwana zai zuƙi iska, mai ya yanke wa karanshaf, inji ya buga cikin kwanaki. In ya manne da gindi, man ba zai shiga ba. Kujerun inji kuwa a yi su da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8, da roba a tsakani. Masu liƙa inji da jikin mota kai tsaye suna fasa bodi ne, ga karkarwar da ba ta barin noti a ɗaure.

Inda aka fi shan wuya shi ne giya. A 504 salun, farfela tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da difa, wato giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya, sun zama abu guda. Ba irin farfelar Hilux ba ce da za a yanke a ƙara a gefen titi. Hanya biyu ce ke nan. Ko a bar giyabos na Fijo a yanko farantin da zai haɗa shi da sabon injin, ko a zo da giyabos na Toyota a sake tsarin farfelar gaba ɗaya. Ta farkon ta fi araha, sai dai farantin aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, ba aikin ido ba. Tsakiyar karanshaf da sandar giya su daidaita cif. Kaucewar da ba ta kai rabin milimita ba ta isa ta riƙa cinye kuloci da boris duk bayan 'yan watanni, mai mota yana zargin kayan jabu. Kuma giyabos da aka ƙera don inji mai ƙasa da doki 100 ba zai daɗe a bayan 3RZ mai doki 150 ba, in dai direban yana son figa.

Sai zafi. Babban inji yana ƙona mai da yawa, lagireton asali ba zai iya da shi ba a watan Afrilu, balle a cunkoson Kwangila a Zariya. A sa mai layi uku, da fankar lantarki mai murfi a kewaye, a ba ta rile da fis nata. Kada a cire tamostat mai daidaita zafin ruwan inji, wannan al'ada ce da ya kamata mu makanikai mu daina. A nisanta salansa daga tiyon mai da na birki, in wurin ya matse a sa garkuwar gwangwani.

Injin da ke da injekta yana son famfon mai na lantarki mai matsin kusan bar 3 a ma'aunin matsi, alhali na kafireta bai kai rabin bar ɗaya ba. Tsohon tiyo zai tsage, kuma fetur a kan salansa mai zafi kowa ya san ƙarshensa. A canja tiyo duka, a wanke tankin. Wajen saye, ko a Panteka ta Kaduna ko a Ladipo ta Legas, a karɓi injin tare da wayoyinsa, da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da makullinsa idan mai lambar tsaro ne. A gwada matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Birki ake mantawa da shi, shi kuwa ya kamata a fara gyarawa. Sabon masta mai tura man birki, sabbin tiyon roba, sabon mai DOT 4, faifan gaba da bai siraɗe ba, da tayoyin da ba su tsufa ba. Mai son dizal, kamar 3L ko 5L na Toyota, ya sani nauyinsa zai danne gaban motar, sai an ƙarfafa sifirin da shokazoba. Kuma dizal ba ya juyawa da sauri kamar fetur, idan ba a canja difa ba, motar za ta yi ta kururuwa a hanyar Kaduna ba tare da gudu ba.

A ganinmu, wanda ke son ƙarin ƙarfi ya tsaya cikin dangi. Injin 504 yana shiga 404 mai cc 1618 ba tare da wahala sosai ba, tunda gida ɗaya suka fito kuma kishingiɗarsu ɗaya. Ita 504 kuma ta fi jituwa da kayan 505, a ɗauko inji da giyabos tare. Sau da yawa ma injin asalin ringi da gasket da gyaran kafireta kawai yake nema.

Idan an gama, a je ofishin rajistar motoci da rasiɗin saye a sauya lambar inji a takardu, a sanar da kamfanin inshora. Tsohon injin kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan. A zuba mai a silindarsa, a toshe ramukansa, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, domin masu neman irin waɗannan motoci da injinsu na asali suke tambaya.

Daga wasu makanikai da masu gyaran wayar mota,
Sabon Gari, Zariya.