Tarihin lantarki bai cika ba idan babu kwaɗo da minjirya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta maƙalar da kuka buga kan tarihin wutar lantarki, kuma na ƙaru da ita. Sai dai marubucin ya fara ne daga Faraday da Edison, ya tsallake abin da nake ganin ya fi muhimmanci, wato yadda jikin halittu ya buɗe wa masanan farko ido.

Duk masuncin da ke kamun kifi a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi ya san minjirya. Da ka taɓa ta, hannunka zai sage har kafaɗa. Babbarta na iya fitar da kusan bolt 350, kuma Misirawan dā sun zana ta a bangon kaburburan Saƙƙara. A 1772 wani Bature ɗan Ingila, John Walsh, ya gwada wani kifin teku mai irin wannan girgiza a La Rochelle ta Faransa, ya gano cewa girgizar na bin waya ta ƙarfe amma gilashi na tare ta, kamar dai lantarkin ɗakin gwaji.

Sai ga Luigi Galvani, likita a Bolonya ta Italiya. Ya feɗe kwaɗo, ya soka ƙugiyar tagulla a lakarsa, ya rataye shi jikin shingen ƙarfe, sai ƙafar ta riƙa harbawa kamar mai rai. A 1791 ya wallafa cewa jijiya da tsoka suna da lantarkinsu na kansu. Wani masanin kimiyya, Alessandro Volta na Pabiya ta Italiya, ya ce sam, haɗuwar ƙarafa biyu mabambanta ce ta haifar da wutar. Don ya kafa hujja, a 1800 ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri. Batir na farko ke nan, kuma shi kansa Volta ya kwatanta shi da gaɓar lantarkin kifi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake koya wa ɗalibai cewa Volta ya kayar da Galvani, shi ke nan. Ba a yi wa Galvani adalci ba. Ya rasu a 1798, amma daga baya Carlo Matteucci da Emil du Bois-Reymond sun auna lantarkin tsoka da jijiya, suka tabbatar da maganarsa. Na'urar da ke zana bugun zuciya a asibitocinmu, wadda Willem Einthoven ya samu lambar Nobel a kanta a 1924, wannan lantarkin jikin take karantawa.

Ina roƙon ku ku ware shafi guda don wannan labari, ku kuma tura wakilinku wurin masuntan Yauri ya ji abin da suka sani game da minjirya.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Yauri