Wasiƙa ga Edita: Kafin ka kai teburin babifut gidanka

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a ya kuma zafi, mu dai nan Garwa sai godiyar Allah. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana a kan teburin wasan ƙwallon ƙafa da ake bugawa da hannu ta hanyar juya sandunan ƙarfe masu ɗauke da 'yan wasa, wanda muke kira babifut, saboda babban hutun makaranta ya matso kuma na ga magidanta da dama sun fara shawarar saya wa yaransu a gida, to ni ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari, sai dai abin da nake gani ana kwasowa daga shaguna yana ɓata min rai wallahi, kuɗi ne ake zubarwa a kan kayan da ba a yi su don ƙasarmu ba.

Dalilin da ya sa nake goyon baya a fili yake. Duk wanda ya ratsa Yelwa ko Fulɓere da yamma ya san yadda yara ke cincirindo a kan tebur ɗaya a ƙofar shago, dala biyar dala goma ana ta jefawa, kuma wasan kansa ba laifi gare shi ba, abin da ke biyo shi a waje ne matsalar, wani wurin sai kaga an fara sa kuɗi a kan wanda zai ci, daga nan zagi daga nan dambe, ga magariba ta yi yaro bai san ta yi ba. In teburin yana zaurenka ko ƙarƙashin rumfarka kai ke da doka, ana kiran salla a rufe, ba caca, kuma 'yan mata ma su samu, don a bakin titi wa zai bar 'yarsa ta tsaya cikin samari? A gidanmu ƙaramar 'yar wana ce ta fi kowa iya tsaron gida, tana tsayawa a kan bulo don hannunta ya kai, yayyenta maza uku su yi ta gumi ba su zura mata ba, ita kuwa ko dariya ba ta yi, idonta na kan ƙwallo kawai.

To amma wane tebur? Nan ne maganar take. Yawancin waɗanda ake shigowa da su cikin kwali, masu fenti mai ƙyalli da hoton fili kore shar, ba katako ba ne, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse aka liƙa masa takarda mai kama da itace. A ƙasar da aka yi shi cikin ɗaki mai rufaffiyar taga zai zauna, mu kuwa nan zai sha ƙurar hunturu daga Disamba, ya sha zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, sannan damina ta sauko masa da laima har Satumba. Wani maƙwabcinmu ya sayo irinsa a wani shago cikin gari, damina ɗaya tak gefen da ke kusa da taga ya kumbura ya yi tozo, ƙusoshin suka daina kamawa don garin katakon in ya jiƙa ya gama, ka ɗaure noti ya yi ta juyawa a banza, yanzu haka matarsa na shanya kuɓewa a kai. Araha dai ba ta ado, kuma abin haushin ma ba wani araha ya yi ba.

Abu na farko da zaka yi in ka tsaya gaban tebur, ɗaga kusurwa ɗaya. In ya taso maka da hannu ɗaya ka bar musu kayansu. Teburin kirki nauyi gare shi, irin na kamfanin Bonzini na Faransa da aka saba gani a gidajen shan kofi na can yana kai wajen kilo 80, kuma ba don ado aka yi masa nauyin ba, yara huɗu ne za su riƙe sanduna takwas suna fizga suna turawa, mara nauyi tafiya zai riƙa yi a ɗaki ƙwallo na gangarawa inda ta ga dama. Ban ce kowa ya nemi Bonzini ko René Pierre ko Garlando na Italiya ba, kafin ya sauka a Duwala ya hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare ya hau babbar mota ya iso nan kuɗin ya fi ƙarfin yawancinmu, sai dai in an dace da na hannu mai lafiya. Shawarata ita ce kafinta na gida, amma kai za ka tsaya a kansa.

Kada wani ya raina wannan fa. Alejandro Finisterre, mutumin Sifen da ya yi rajistar irin nasa teburin a 1937, rauni ya samu a yaƙin basasar ƙasarsu, a asibiti ya ga yaran da suka jikkata ba su iya gudu a fili, ya nemi kafinta ya ƙera musu. Kafin shi ma wani Bature ɗan Ingila, Harold Thornton, ya nemi tasa rajistar tun 1921. Wato tun asali aikin katako da ƙarfe ne da hannun mutum, kuma kafintocinmu da masu walda sun iya abin da ya fi wannan wuya. Ka ce masa gangar jikin da ƙafafun katako mai tauri kake so, maɗaci ko iroko ko sapeli, busasshe, kar ya sa maka farin ayus a ƙafa don taushi gare shi kuma gara na sonsa. Filin wasan kuma kontiraplake, wato filawud, mai kauri a liƙa masa fomika ko ledar ƙasa mai ɗan kama ƙwallo, sannan kusurwoyi huɗun a ɗan ɗaga su, in ba haka ba ƙwallo zata je lungu ta kwanta babu ɗan wasan da zai kai gare ta, kowane minti sai an sa hannu, nan rigima ke farawa.

Inda na fi so mutane su natsu shi ne sandunan ƙarfen, don su ne ran teburin kuma su ne haɗarinsa. Iri biyu ne. Akwai wadda ke ratsa tebur ta fito ta ɗaya gefen, in ka tura da ƙarfi bakinta ya yi tsalle waje, to tebur tsayinsa wajen santimita 90 ne, ka auna da kanka ina wannan ya zo wa yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da ya zo leƙe, daidai ido da haƙori. Na ga yaro da leɓe a fashe saboda wannan, jini har riga, yayansa da ya tura sandar ya fi shi kuka. Ɗaya irin kuma ƙarfe ne cikin ƙarfe, siririn yana kafe a bango babban yana zamewa a kansa, babu abin da ke fitowa waje, shi ne tsarin teburan Faransa kuma in da ƙananan yara a gida shi ya fi, sai dai fa ƙura in ta shige tsakanin ƙarafan biyu sai an kwance an goge, kuma mai waldar unguwa zai sha wuya kafin ya yi shi daidai. In mai ratsawa ka samu to dole a sa wa kowane baki hular roba mai kauri, ko irin robar ƙafar kujera ce a ɗaura da gam, kuma a kafa doka cewa ƙanana ba sa tsayawa a gefe, su tsaya ta bayan raga.

Kar ka yarda kafinta ya sa maka rodin gini don ya rage kuɗi, tsatsa zai yi kuma ba ya santsi. Ƙarfe mai sulɓi ake so, kaurin milimita 14 ko 16, miƙaƙƙe. Gwajinsa ba wuya, ka kwantar da shi a kan siminti mai sulɓi ka mirgina, in yana ɗingishi a lanƙwashe yake. In kuma an riga an haɗa tebur ka juya sandar a hankali kana kallon bakinta, in yana zana da'ira a iska ka ce a canza. Ramin da sandar ke shiga a bango shi ma a sa masa zoben roba ko na tagulla, kar ƙarfe ya riƙa cin katako kai tsaye, wata shida ramin zai zama ƙwai sandar ta fara kaɗawa.

'Yan wasa goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, gola ɗaya, baya biyu, tsakiya biyar, gaba uku, na Amurka irin su Tornado ne ke sa uku a sandar gola. Na roba mai arha rana na busar da su su karye a ƙugu, na alminiyom ko katako sun fi, kuma ka tabbata da noti aka ɗaure su yadda in ɗaya ya karye za a cire shi shi kaɗai. Na san akwai iyayenmu da ba sa son mutum-mutumi a cikin gida, hukuncin wannan na malamai ne ba nawa ba, amma in kafinta ne zai yi maka ai sai ya yanka 'yan katako marasa fuska a shafa musu launi biyu, wasa bai ragu da komai ba. Mu kore da ja muka shafa, yaran suka rubuta lamba 10 a bayan na tsakiyar gaba suka ce Vincent Aboubakar ne, tunda ɗan garin nan ne kuma a Coton Sport ya taso, ga ƙwallaye 8 da ya ci a gasar Afirka da aka buga wasu wasanninta nan Rumde Ajiya a farkon 2022, har yau faɗa ake a kan wa zai riƙe wannan sandar.

A auna wuri kafin a saya don Allah. Tebur tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, amma sanduna na fita gefe kuma mai wasa yana ja da baya, ka bar wajen mita ɗaya kowane gefe. Kuma a kan siminti, kar a kan ƙasa, gara ta ƙafa take hawa ba ka sani ba sai ka ga ƙasa-ƙasa a jikin katako. In an ajiye ka sa ƙwallo a tsakiyar fili ka sake ta, in ta gangara ka cusa ɗan katako ko yankin tayil ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa har sai ta tsaya cik.

Sai kula da shi, kuma nan mutanenmu suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Sanda ta fara nauyi sai a ɗauko man gyaɗa ko baƙin mai na babur ko giris a lafta, ranar dai zata yi santsi kowa ya ji daɗi, bayan kwana kaɗan ƙura ta manne da man ta zama baƙar laka mai cin ƙarfe da zoben tare, ta ɗiga a fili ta ɓata ƙwallo ta ɓata rigunan yara. Yadda ake yi, ka jawo sandar har ƙarshe ka goge ta da busasshen tsumma sai tsumman ya daina baƙi, sannan ka ɗiga man silikon kaɗan, ana samu wajen masu kayan mota, a tsumma zaka sa ba a kan tebur ba, ka shafa ka tura ka jawo. Lokacin hunturu kowane mako, sauran shekara ko sau ɗaya a wata ya isa. In babu silikon gara a bar ta a goge a bushe da a sa mata man girki. Filin kuwa tsumma mai ɗan danshi da aka matse sosai, ba a kwara ruwa, ba a sa omo ko jabel, wato ruwan bilic, kuma kofin shayi da ledar ruwa da folere ba sa hawa bakin tebur ko na minti ɗaya ne.

Katako yana motsi da yanayi, da hunturu ya tsuke notuna su saki, da damina ya kumbura, don haka farkon kowane lokaci ka bi ƙafafu da sifana ka ɗaure, kar ka matse har katakon ya tsage. Rufa shi da tsohon zanin gado in an gama, leda da damina gumi take tarawa a ciki. Ba a ɗaga tebur da sandunansa, ba a zama a kai, ba a lilo da mariƙi. Ƙwallayen kuma a tara su a gwangwani a sama, ƙanana ne wajen milimita 35, mai rarrafe baki zai kai.

Akwai ɗabi'ar nan ta murza sanda da tafin hannu a sake ta tana wulwulawa, yara na son ta don ƙarar da take yi, to ita ke karya ƙafar 'yan wasa tana sassauta notuna, kuma a dokar hukumar wasan ta duniya, ITSF da aka kafa a 2002 a Faransa, juya ɗan wasa fiye da zagaye ɗaya kafin bugu ko bayansa laifi ne, ƙwallon da aka ci haka ba a lissafa ta. Ka gaya musu haka tun ranar farko, in sun ji doka ce ta manyan 'yan wasa sun fi saurin bi a kan ka ce kuɗinka kake ji.

Ina kuma kira ga kafintocinmu da masu walda na Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena, ku haɗa kai ku riƙa yin tebur mai kyau kuna ajiye sanduna da zobba da 'yan wasa na canji, don mai saye ya san inda zai koma in abu ya lalace, masu nema suna nan da yawa. Na gode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka, a gaida ma'aikata.

Wassalam, naku mai karatu daga Garwa, Kamaru.