Wasiƙa daga Argungu: Ni da 'Yan Aji Ɗaya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya. Fadama ta cika, shinkafa ta yi kyau, sauro ne kawai ya hana mu sakat. Inna tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran atamfar da ka yi mata alkawari.

Ka yi ƙorafin na yi shiru kwana biyu. Wallahi aiki ne ya sha kaina. Bana an damƙa mini lissafin 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, azuzuwa biyu, kowanne ya haura yara saba'in. Tun hutu na zauna da manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, na yanka ta mako-mako, kamar yadda aka koya mana a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie: ƙirga har miliyan da biliyan, ɓangarorin lamba, LCM (lamba mafi ƙanƙanta da wasu lambobi za su raba ba saura) da HCF (lamba mafi girma da za ta raba su ba saura), ƙiyasi, har da lissafin nan na sifili da ɗaya da kwamfuta ke aiki da shi. Takarda ta yi kyau, har ina yaba wa kaina. Ranar Laraba ta makon farko na yi musu ɗan gwaji na tambaya goma, daren nan na ninke takardar tawa na jefa a akwati.

Bari in ba ka labarin yarinya ɗaya. Uwarta tana suyar kifi, yarinyar ke kaiwa tasha da yamma. Na rubuta 2000 a cire 1050, ta rubuto mini 1050. Ka ga abin da ta yi? Duk gidan da ta zo, sai ta cire ƙaramar lamba daga babba, ko wacce ce a sama. Washegari na kira ta gaban allo na ce, “Kifi uku na saya, kowanne ɗari uku da hamsin, ga dubu biyu. Nawa ne canjina?” Ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce, “Dubu ba hamsin, Malam.” Lissafi ɗaya ne fa! A ka ta iya shi sarai, har da salon ɗebewar nan tamu ta Hausa, irin “ashirin ba biyu”. Da ya hau takarda, kuma da Turanci, sai ya zame mata baƙo. Wani yaron na ce ya rubuta dubu uku da biyar, ya zuba mini 30005. Kusan rabin ajin kuwa sun tara 1/2 da 1/3 sun sami 2/5.

Shi ya sa na sake shiri. Makonni huɗu na farko ba abin da za mu taɓa sai gidajen lamba da aro. Na sa kowa ya zo da tsinken tsintsiya, muna ɗaure goma-goma da roba, dami goma kuma ya zama babban dami na ɗari. Idan yaro zai cire biyar alhali gidan ba kowa, da hannunsa zai kwance dami, ya ga inda aron yake fitowa. Wasu malamai suna leƙowa suna dariya, wai na mayar da sakandare rabin aji. Su yi ta yi. Minti goma na farkon kowane darasi kuma na jadawalin sau ne, musamman sau 6 zuwa sau 9, don nan ne suke tuntuɓe. Bayani da Hausa nake yi, sannan in rubuta kalmar Turancin a gefen allo su kwafa, tunda jarrabawar BECE da ke jiransu a aji uku ba da Hausa za a yi ta ba.

Inda na fi sa rai shi ne ɓangarorin lamba, saboda yaran nan ba baƙinsu ba ne. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, duk sun ji su a Islamiyya. Ɗaya daga cikin masu 2/5 ɗin nan kwanon awo na ɗauko masa, na zuba gero rabi, na ƙara sulusi, ya ga ya kusa cika. Na ce to amsarka ko rabin ba ta kai ba, ina sauran geron ya tafi? Ya sosa ƙeya, aji ya kwashe da dariya. Daga nan zan shiga zakkar gona, wadda ubanninsu ke fitarwa kowace kaka: shinkafar damina ɗaya bisa goma, ta rani da aka shayar da inji ɗaya bisa ashirin. Manomi ya sami buhu 60, nawa zai fitar a nan, nawa a can? LCM ma a rabon gado zan kafa shi. Matar mamaci mai 'ya'ya tana da sumuni, mahaifiyarsa sudusi. Wace lamba ce mafi ƙanƙanta da 8 da 6 za su raba ba saura? 24. Ita uku, tsohuwa huɗu. In dukiyar naira 240,000 ce, ka ga 30,000 da 40,000 ke nan. Na dai roƙi malamin addini ya riƙa duba mini misalan kafin in kai aji, kada garin gyaran gira in rasa ido.

Damuwata biyu ce. Masu duba aiki idan sun zo, littafin tsarin darasi suke buɗewa su ga ko mako na biyar yana kan darasin mako na biyar, ba ruwansu da abin da ya zauna a kan yaro. Bara ma an yi mini jan biro a kan haka. Na shaida wa shugaban makaranta tun yanzu cewa lissafin sifili da ɗaya zai koma zango na biyu. Ya yi shiru, ya ce in rubuto a takarda. Sai kuma girbi: da an fara yankan shinkafa, benci zai yi ta zama wayam, ga shi lokacin ne nake son mu kasance tsakiyar ɓangarori. Wannan kam ban sami dabararsa ba tukuna. Ko in haɗa su biyu-biyu, wanda ya zo ya koya wa wanda bai zo ba?

Kai da kake koyar da yaran da harsunansu suka bambanta, ya kake yi da makonnin farko? Ka ɗauko mini hoton gwajin da kake ba su ka turo ta WhatsApp. In kuma kuna da tsofaffin littattafan aji ɗaya da aka daina amfani da su, ko guda goma ne, ka ba direbobin da ke kai albasa can su sauke mini a Jega, zan aika a karɓo.

A gaida uwargida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Abokinka na Argungu