Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya karɓi kwangilar zana mana tsarin aiki a Jos

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Yallaɓai na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne sabida na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka, na turo imel har sau huɗu shiru, na zo ofishinku a Abuja ƙafa da ƙafa aka ce min kuna mitin na zauna har la'asar ban ga kowa ba. Ba zan kama sunan kamfaninku ba, kun san kanku mu ma mun san ku, gyaran aiki nake nema ba ɓata sunan wani ba.

Ni ne manajan gudanarwa na wani kamfanin kayan noma a nan Jos, taki da iri da maganin feshi muke sayarwa. Babban ofis da sito suna cikin gari, muna da shago kusa da kasuwar Farin Gada, da rassa a Bukuru da Mangu da Bokkos. Bara Alhaji mai kamfanin ya ce harkar ta fi ƙarfin littafi da biro, a nemo masana. Kuka zo da takarda, a shafin farko kuka rubuta za ku yi mana abun da kuke kira entafirais akitekca, wato zanen tsarin kamfani gaba ɗaya, bisa ƙa'idar TOGAF. A kan wannan alƙawarin aka sa hannu, a kansa aka biya ku miliyoyin naira.

Da abubuwa suka rikice ni da kaina na zauna na karanta TOGAF ɗin nan, dare da dare bayan an tashi aiki, don in san ko mu ne ba mu gane ba ko ku ne ba ku yi ba. Ƙungiyar The Open Group ce ta fitar da shi a 1995, ta ɗauko tushensa daga wani tsari na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna TAFIM, bugu na goma ya fito a 2022. Kuma abun da ya ƙunsa ba ɓoyayye ba ne, ɓangarori huɗu ne: tsarin kasuwancin kansa, tsarin bayanai, tsarin manhajoji, sai tsarin fasaha wato na'urori da netwok da inda komai zai zauna. A cikin hanyar aikinsu da suke kira ADM ma a jere aka sa su, mataki na B kasuwanci, mataki na C bayanai da manhajoji, sai mataki na D fasaha. Kuma a kowane ɗaya ana so a rubuta yanda abu yake yau, yanda ake so ya koma, da giɓin da ke tsakani. Ku kuma yallaɓai daga D kuka fara, a D kuka ƙare. Rahoton da kuka miƙa mana kusan rabinsa jerin kayan da za mu saya ne da farashinsu, kuma ta hannunku aka saye su.

Mu a sana'armu in manomi ya shigo shago ya ce a ba shi taki, yaron shago ma ya san sai ya tambaye shi me ka shuka, sati nawa da shukar, damina ce ko rani, kafin ya ce masa NPK 15-15-15 zai ɗauka ko yuriya. Wanda ya miƙa buhu bai yi tambaya ba cinikin ranar kawai yake so. Abun da kuka yi mana kenan.

Ɓangaren kasuwanci shi ne ya fi ci min rai don haka a nan zan daɗe. Yaranku biyu kuka turo, kwana biyu suka yi a Jos, duka a babban ofis cikin sanyin fanka, ba wanda ya taka Mangu balle Bokkos. Da sun je da sun ga cewa mafi yawan cinikinmu a can ba kuɗi hannu ba ne. Manomin dankalin turawa yana ɗaukar taki da maganin feshi bashi a farkon damina, dillalinsa ko shugaban ƙungiyarsu ya tsaya masa, in ya haƙe dankali ya biya, wani lokacin ma ba shi zai kawo kuɗin ba dillalin ne zai cire daga cinikin buhunan ya turo mana, wani kuma kashi uku zai biya. Masu noman rani da ke jan ruwa daga tsofaffin ramukan haƙar kuza lokacin biyansu daban ne. In kuma cutar nan mai ƙona ganyen dankali ta faɗo a tsakiyar damina, Alhaji yakan ɗaga wa mutane ƙafa har zuwa rani, kuma akwai wanda ke da ikon amincewa da ɗaga bashin akwai wanda ba shi da shi. Wannan duka shi ne tsarin kasuwancinmu, waye yake yin me, yaushe, da izinin wa. Ba layi ɗaya a kansa cikin rahotonku. Abun da kuka sa a wurin zanen muƙamai ne, Alhaji a sama manajoji a ƙasa, wanda dama yana manne a bangon ofis tun kafin ku zo. Haba yallaɓai. Ko wani tsarin irin TOGAF da wani masani John Zachman ya fito da shi tun 1987 yana aiki a kamfanin kwamfuta na IBM, tambayoyi shida ne ginshiƙinsa, mene ne, ta yaya, a ina, waye, yaushe, don me. Da waɗannan shidan kawai yaranku suka riƙe suka zauna da manajan Bokkos na yini ɗaya da ba mu shiga wannan halin ba. Sakamakon shi ne manhajar da kuka dasa mana tsabar kuɗi da POS da taransifa kaɗai ta sani, ba ta da gurbin bashi mai wa'adin girbi, ba ta da gurbin wanda ya tsaya wa wani. Yanzu haka a rassa an koma littafi, sai dare a zauna a shigar da bashin a kwamfuta kamar an biya don sito ya daidaita, kuɗin kuma babu shi a banki. Akantanmu dattijo ne mai amana, wata uku yana neman kuɗin da bai ɓata ba, har an fara yi wa juna kallon zargi tsakanin mutanen da suka shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya. Wannan ne abun da ba zan iya yin shiru a kansa ba.

Sai bayanai. Kun kwashe tsofaffin fayilolin Excel na rassa huɗu kuka zuba a rumbu ɗaya ba tare da kun tace ba, kitso da kwarkwata kenan. Mutum ɗaya ya fito sau uku, a Mangu an rubuta shi da Alhaji, a Farin Gada da Alh., a Bukuru da laƙabinsa na kasuwa, kowanne da nasa bashin. Ba ku tsayar mana da abu ɗaya da za a riƙa gane kwastoma da shi ba, lambar waya ce ko NIN ko lambar da kamfani zai ba shi, kuma ba ku faɗi wane ofis ne ke da haƙƙin buɗe sabon suna ko gyara shi ba, kowa buɗewa yake. Ma'auni ma haka, taki yana shigowa sito a buhu mai kilo 50 amma a ƙauye ana fasa buhu a sayar a mudu, manhajar ba ta san alaƙar buhu da mudu ba. Maganin feshi yana da lambar rukunin da aka sarrafa shi da ranar lalacewa da lambar NAFDAC, babu gurbin ko ɗaya, don haka ba mu iya sanin wane katan ne ya kusa lalacewa sai an shiga sito an duba da ido. Ga kuma maganar doka, muna riƙe da lambobin waya da NIN na manoma masu yawa, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya an sa mata hannu tun watan Yuni 2023, amma duk ma'aikacin da ya shiga da fasiwod ɗinsa yana ganin komai na kowa, har yaron da aka ɗauka aiki jiya. In wani abu ya fita mu NDPC, hukumar kare bayanan jama'a, za ta nema, ba ku ba.

Manhajoji ba zan ja ba. Uku muke da su yanzu, ta ciniki da kuka kawo, ta akanta da muke da ita tun da, da ta albashi, kuma ba wadda ke magana da wata. Aikin wannan ɓangaren kenan, a nuna wace manhaja ke riƙe da wane bayani kuma ta wace hanya zai wuce zuwa ta gaba. Kun ce za a haɗa su a zango na biyu, da sabon kuɗi, alhali yana cikin takardar farko, shafin yana hannuna.

Ko fasahar da kuka fi ba ƙarfi ba ta zauna daidai ba, sabida ba a gina ta kan sanin aikinmu ba. Kun sa saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, a Jos kuka ce duk rassa sai da intanet za su yi ciniki. Wanda ya san hanyar Bokkos ya san netwok yana zuwa yana tafiya, ranar kasuwa layi ya kai bakin titi yarinya mai karɓar kuɗi tana riƙe da waya sama tana neman sabis. Manhajar da za ta yi aiki ba netwok in ya dawo ta tura, ita ta dace da mu, kuma da kun tambaya da an gaya muku. Ba ku lissafa wuta ba, sai da muka sayi sola da batura daga baya da kuɗin da ba ya cikin kasafi. Ajiyar kwafin bayanan kuma a wani faifai kuka sa ta a ɗaki ɗaya da sabar, kan tebur ɗaya ma, in gobara ta tashi Allah ya kiyaye duka biyun sun tafi.

Na san za ku ce mu ƙaramin kamfani ne TOGAF ya yi mana girma. To ai shi kansa tsarin ya ce a yanka shi daidai jikin mai shi, ba mu ce ku kawo mana shafi dubu ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da ke nan Abuja kusa da ku ta fitar da irin wannan tsari na ma'aikatun gwamnati a 2019. Ba mu muka sa kalmar a kwangila ba, ku kuka rubuta ta da hannunku, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Abun da muke nema shi ne ku dawo ku yi matakin B da C da kuka tsallake, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ku turo mutumin da ya san aikin, wanda ke jin Hausa, ya kwana a Mangu da Bokkos ya ga ranar kasuwa da idonsa, ya zauna da masu sito da akanta da dillalai biyu ko uku, ya rubuta yanda bashi ke tafiya tun daga ɗauka har biya mu karanta mu ce eh haka ne kafin a taɓa manhaja. A tace sunayen kwastomomi tare da manajojin rassa don su suka san waye waye, a raba wa ma'aikata iyakar abun da kowa zai gani, a fitar da kwafin bayanan daga wancan ɗakin cikin satin nan tunda wannan ba ya buƙatar dogon nazari. In binciken ya nuna manhajar da kuka sayar mana ba za ta ɗauki tsarin bashinmu ba, ku faɗa a rubuce ku dawo da kuɗinta.

Damina na ƙaratowa, tirelolin taki za su fara sauka, ba za mu sake shiga wata kakar da littafi a hannun dama kwamfuta a hagu ba. Alhaji ya ce in ba ku sati uku daga yau. In kun kira, lambata tana wurin sakatariyarku, ni zan ɗauki mutumin naku a mota in kai shi Bokkos da kaina. In wa'adin ya cika shiru, takardun suna wurin lauyanmu, kuma za mu kai ƙorafi gaban CPN, hukumar da ke rajistar masu sana'ar kwamfuta.

Wassalam,
Manajan gudanarwa, Jos.