Kotu ta ce a maida maka kuɗin mota, to saura karɓa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu sayen mota ta hannu a nan Sakkwato. Mutum zai sayi mota wurin dila, ba a yi mako biyu ba giya ta fara zamewa, ko inji ya fara haɗa ruwa da baƙin mai. Ya kai ƙara kotun ƙananan ƙararraki, alƙali ya ce a maida masa kuɗinsa, sai ya koma gida yana jiran alat. Watanni su wuce shiru, ya fara cewa kotu ba ta da amfani. Alhali kotu ba ta bin bashi da kanta. Sai wanda ya yi nasara ya koma ya nemi a zartar da hukuncin, ya kuma nuna inda dukiyar wanda ya sayar masa da motar take.

Irin wannan kotu ta fara a Legas a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, sauran jihohi suka bi sahu. An yi ta ne don a gama shari'ar kuɗi cikin kwana 60 ba tare da dole sai da lauya ba. Amma zartar da hukunci yana bin tsohuwar dokar nan ce da ta samo asali tun 1945, kuma a nan ake tafiya a hankali.

Da farko a je wurin rajistara a karɓi kwafin hukunci mai hatimin kotu, a zauna a karanta sunan da ke kai. Nan mutane da yawa ke faɗuwa. An yi ƙarar "wane Motors", sunan da ke jikin allon filin motoci, alhali kuɗin an tura su asusun mutum ne da sunansa na yanka. Ko kuma an yi ƙarar mutumin, alhali dukiyar tana hannun kamfani mai rajista, wanda a idon doka daban yake da mai shi. Banki ba zai taɓa asusun da sunansa ya saɓa da na takardar kotu ba. Wanda bai shigar da ƙara ba tukuna ya duba rasit da shaidar tiransifa, ya bincika sunan a rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ya haɗa dila da ainihin mai motar in ya san shi.

A duba kuma me hukuncin ya ce game da motar. In cewa aka yi a maida mota a karɓi kuɗi, to a ajiye ta. Kada a ci gaba da hawa, kada a bar bakanike ya kwance inji ko ya cire wani abu, a ɗauki hoton lambar shasi da ta mita, a haɗa takardun kwastan da na rajista da makullai wuri ɗaya. Mai mota da ba ya son biya ƙofa yake nema, kuma "ba haka na ba shi ita ba" ita ce ƙofar da ta fi sauƙi.

A ganina hanyar da ta fi kawo kuɗi ita ce ta banki, wadda lauyoyi ke kira ganishi. Za ka yi takardar rantsuwa cewa an yi hukunci, ba a biya ba, ga adadin da ya rage, ga bankin da kuɗin wanda ake bi suke. Ana shigar da wannan buƙata ba tare da an sanar da shi ba. In kotu ta gamsu sai ta ba da umarnin farko, kuma daga lokacin da takardar ta isa banki an ɗaure kuɗin da ke asusun daidai adadin bashin. Doka ta ce a miƙa takardar ga bankin da kuma wanda ake bi aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. Ran nan banki zai faɗi abin da ke ciki, in babu wata hujja sai a ba da umarnin ƙarshe a biya ka.

Abin da ke ɓata wannan hanya baki ne. Ka tsaya a filin motoci kana cewa gobe za a rufe masa asusu, kafin la'asar ya kwashe kuɗin zuwa na ƙaninsa. In kana bin naira miliyan 3 aka tarar da dubu 400, su kaɗai za ka samu, sauran sai ka sake wata dabara. Saboda haka a fara da asusun da aka tura masa kuɗin motar, a ƙara da sauran da aka san yana karɓar ciniki da su, har da na bankunan waya da 'yan kasuwa suka koma wa. Kowane banki da ka ambata akwai kuɗin kai masa takarda, don haka jera bankuna ashirin da ka ba dabara ba ce. In kuwa kuɗin suna hannun wata ma'aikatar gwamnati, misali kuɗin kwangila da ba a biya shi ba, sai da amincewar Antoni Janar.

Hanya ta biyu ita ce kama kaya a yi gwanjo. Ana cika takarda a biya kuɗi a rajista, belif, wato ma'aikacin kotu mai kama kaya, ya fita, galibi da rakiyar 'yan sanda. Ba a fita ranar Lahadi ko ranar hutu, ba a yi kafin ƙarfe 6 na safe ko bayan 6 na yamma, kuma ba a taɓa tufafi da shimfiɗa. Kayan da aka kama ba a sayar da su sai bayan kwana 5. Mai nasara yakan ga motoci goma jere a fili ya ce ai magana ta ƙare. Ina! Kowa ya san yawancin motocin da ke gaban dila na mutane ne, shi la'ada yake ci. Da an ja mota ɗaya sai mai ita ya bayyana da takardunsa, a buɗe sabon zama don tantance mai kaya, gwanjo ya tsaya, kuɗin janwe da na ajiya suna hawa kanka. Kafin ka nuna wa belif mota, ka tabbata sunan wanda kake bi ne a takardunta. Motar da yake hawa da janareton ofis sun fi waɗanda ke jiran mai saye tabbas. Sannan farashin gwanjo ba ya kai na kasuwa, kuma sai an cire kuɗin aiki kafin a ba ka.

Gida ko fili ba a isa gare su sai an nuna cewa kayan hannu ba su isa ba, kuma Babbar Kotu ce ke ba da wannan izini. In dukiyar tana Birnin Kebbi ko Gusau ko Kano, sai a karɓi takardar shaidar hukunci a yi mata rajista a kotun can. In ta tsallaka Illela ta shiga Ƙonni, hannun belif bai kai can ba.

Wanda ake bi zai iya cewa ya ɗaukaka ƙara. Wannan kaɗai ba ya tsayar da komai, sai in ya nemi umarnin dakatar da zartarwa. A nemi ganin takardar, kada a yarda da faɗar baki. Wanda ya ce ba shi da komai ana iya neman a yi masa sammaci ya zo ya yi bayanin dukiyarsa bisa rantsuwa, kotu ta tsara masa biya kashi-kashi. In dattawan kasuwa suka shiga tsakani, abu ne mai kyau, amma a rubuta adadi da ranaku, a kai kotu ta shaida, kuma kada a janye komai sai kuɗi sun shigo.

Ofishin 'yan sanda kuma ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki, kuma wanda ya sa aka tsare dila zai iya wayar gari shi ake nema da diyya. Haka zuwa da matasa a ɗauko mota da ƙarfi.

Roƙona ga hukumar shari'a ta jiha shi ne a liƙa jadawalin kuɗin zartar da hukunci da Hausa a ƙofar kowace rajista, a kuma riƙa ba da rasit kan duk abin da aka biya, har da kuɗin fitar belif.

Naku,
Wani mai karatu daga Sakkwato.