Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanena Kan Kula Da Gashin Kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan. Ka isar mini da gaisuwata ga Baba da Umma, ka shaida musu cewa ina lafiya, ina kuma roƙon su ci gaba da sa mini albarka. Saƙonka ya iso, na kuma ji kukan da ka yi game da ƙaiƙayin kai da amosanin da suka matsa maka, da tambayarka ko akwai wani man gashi mai kyau da zan aiko maka daga nan. Na ga ya fi dacewa in zauna in rubuta maka a natse, domin tun zuwana ƙasar nan na gwada shamfu da kwandishana da man gashi iri-iri, kuma abin da na fahimta shi ne sanin aikin kowannensu da lokacin da ake sa shi ya fi sunan da ke jikin kwalba muhimmanci.

Yanayin wurin nan ne ya tilasta mini mai da hankali a kan lamarin. A lokacin sanyi iska tana bushewa a waje, na'urar ɗumama ɗaki kuma tana ƙara busar da ta ciki, ga shi ruwan famfon unguwar da nake yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam masu yawa, waɗanda idan suka haɗu da sabulu sai su hana shi kumfa sosai, su kuma bar wani farin dauɗa a kan gashi. Irin gashinmu ya fi kowane jin wannan a jikinsa. Fatar kan kowane mutum tana fitar da maiƙo wanda yake kare gashi, amma a miƙaƙƙen gashi maiƙon yana gangarawa cikin sauƙi har ƙarshen sili, alhali a namu mai murɗewa yakan tsaya kusa da tushe, sai ka ga fatar kai da maiƙo amma gashin kansa a bushe yana karyewa.

Aikin shamfu shi ne wanke fatar kai, ba ciyar da gashi ba. Yawancin waɗanda ke cike da kantuna an yi su ne da masu wanke kai kullum a zuciya, kuma suna ɗauke da sinadarin salfet, wanda za ka gani a jikin kwalba da sunan Sodium Lauryl Sulfate ko Sodium Laureth Sulfate. Shi ne ke kawo kumfa mai yawa, shi ne kuma ke kwashe maiƙo gaba ɗaya. Da na gwada mai salfet da marar salfet, na ga na farkon yana barin gashina da kaushi, na biyun kuwa kumfarsa kaɗan ce amma kai yana fita tas ba tare da bushewa ba, don haka kada yawan kumfa ya zama ma'auninka. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana shawartar masu irin gashinmu da su wanke shi sau ɗaya a mako ko sau ɗaya a mako biyu, ko da yake wanda ke yawan gumi ko yake aiki cikin ƙura zai buƙaci fiye da haka. Sabulun wanka kuwa ina roƙonka ka daina sa shi a kai. A ma'aunin tsami da ake kira pH fatar kai tana wajen 5.5, sabulun wanka kuma yakan kai 9 zuwa 10, wannan tazarar ce ke sa bayan silin gashi ya kumbura ya buɗe.

Game da amosani, a nan nake son ka natsu sosai. Mutane da yawa suna ɗauka bushewa ce ke kawo shi, sai su riƙa lafta mai a fatar kai, abin kuma ya ƙara ta'azzara. Amosani na gaskiya yana da alaƙa da wani nau'in naman gwari mai suna Malassezia, wanda ke zaune a fatar kowa yana rayuwa da maiƙo, sai dai fatar wasu ba ta jure masa, sai ta riƙa saɓa da sauri tana ƙaiƙayi. Maganinsa shamfu ne mai ɗauke da ketokonazol ko seleniyam salfaid, kuma sharaɗinsa shi ne a cuɗa shi a fatar kai a bar shi kamar minti 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a mako har tsawon mako biyu zuwa huɗu, daga nan sai a rage. Wanda ya zuba ya wanke nan take bai ba maganin damar yin aiki ba. Akwai kuma wani sinadarin, zink piritiyon, da aka daɗe ana amfani da shi, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2022, amma har yanzu ana sayar da shi a Amurka. Idan ka ga wuri ya yi da'ira, gashi yana zubewa a cikinsa, to wannan ya fi kama da ƙora, ita kuma sai likita ya ba da maganin sha, domin shamfu kaɗai ba ya kashe ta.

Cikin duk abin da na gwada, kwandishana ne ya fi kawo mini sauyi, kuma shi ne maza suka fi rainawa suna cewa kayan mata ne. Bayan kowane silin gashi yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Wanki yana ɗaga su, sai gashi ya yi kaushi, ya riƙa sarƙewa da ɗan'uwansa, ruwan da ke cikinsa kuma ya tsere. Kwandishana yana manne wa silin ya kwantar da ɓawon, shi ya sa mataji ke wucewa ba tare da fizga ba. Yadda nake yi shi ne, bayan na ɗauraye shamfu sai in matse ruwan kaɗan, in shafa kwandishana a gashin ba a fatar ba, in taje da mataji mai faɗin haƙora tun yana jiƙe, in jira minti biyu ko uku sannan in ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi, saboda ruwa mai zafi sosai yana busar da fata. Akwai kuma irin wanda ba a wankewa, ana shafa shi ne a bar shi, kuma shi na fi dogaro da shi a ranakun da ban wanke kai ba. Idan askinka ƙasa-ƙasa ne, ɗan kaɗan ya wadatar.

Man gashi, wato fomad, shi ne abin da ka tambaya, kuma iri biyu ne. Tsohon salo ana yinsa da basilin da kakin zuma da makamantansu. Tun 1872 wani masanin sinadarai mai suna Robert Chesebrough ya yi wa basilin rajista a Amurka, a 1928 kuma wani man gashi mai suna Brylcreem ya fito a birnin Bamingam na Ingila, ka ga ke nan ba yau maza suka fara neman ƙyalli da kwanciyar gashi ba. Wannan irin yana riƙe gashi yini guda, yana ba da sheƙi, amma ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, yana kuma kama ƙura. Sabon salo kuwa tushensa ruwa ne, yana fita da ɗauraya ɗaya, sai dai wasu daga cikinsu suna sandarar da gashi idan sun bushe. Abin da nake son ka riƙe shi ne man gashi ba ya shayar da gashi, rufe shi kawai yake yi. Idan ka shafa shi a kan gashi mai ɗan danshi zai tsare danshin, idan kuwa a kan busasshe ne, bushewar zai tsare. Ka ɗebo kaɗan da kan yatsa, ka murza a tafin hannu har ya narke, ka shafa a gashi, sannan ka bi da buroshi mai laushi. Kada ya sauko goshi ko gefen fuska, domin yana toshe ƙofofin fata ya haifar da ƙananan ƙuraje a layin gashi, abin da likitocin fata suka daɗe da sani. Kai da ke fama da amosani, shawarata ita ce ka ajiye mai maiƙon nan gaba ɗaya har sai kanka ya lafa.

Ka kuma koyi karanta bayan kwalba maimakon gabanta. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan an zana man kaɗanya ko man kwakwa da manyan baƙaƙe a gaba amma sunansa ya zo can ƙarshen jeri, to ɗigo ne kawai a ciki. Idan ka ga Aqua a farko, tushen abin ruwa ne, idan Petrolatum ne, basilin ne. Ɗan hoton gwangwani a buɗe mai rubutun 12M yana nufin wata 12 bayan an buɗe. Kowane sabon abu kuma ka fara ɗiga shi a bayan kunne ka jira kwana biyu, saboda turaren da ake sawa a ciki yana daga cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙaiƙayi.

Ka ambaci cewa kana ganin gashi a mataji har ka fara tsoron sanƙo. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana abu ne da ke faruwa ga kowa, gashi kuma yana tsiro ne kimanin santimita ɗaya a wata, babu shamfu ko man shafawa na kwalliya da ke ƙara masa sauri, duk abin da aka rubuta a talla. Sanƙon maza gado ne, wani sinadarin jiki da ake kira DHT ne ke ƙanƙantar da tushen gashi a hankali. Akwai maganin shafawa mai suna minoksidil da ke rage shi ga wasu, amma yana ɗaukar watanni kafin a ga alama, kuma da zarar an daina sai zubar ta dawo, saboda haka kada ka fara shi sai ka ga likita.

Zan aiko maka da shamfun amosani da kwandishana da ƙaramin man gashi mai tushen ruwa idan na sami mai tahowa. Ka fara da shamfun da kwandishanan kawai, bayan wata guda ka rubuto mini yadda ƙaiƙayin ya kasance, sannan mu ga ko lokacin sa man ya yi. Ka gaishe mini da ƙannenmu da duk mutanen gida.

Wassalam.

Naka,
Yayanka