Jirgin Abuja da ya sauka a Asaba ba abin dariya bane

Assalamu alaikum Malam Edita, ina maka fatan alheri kai da ma'aikatanka. Dan Allah ka bani ɗan fili in faɗi abinda ke ci min rai tunda ga lokacin hazo ya kawo jiki.

Ni ɗan Kantin Kwari ne, kusan duk wata sai na hau jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas saro kaya, to kaga maganar nan ta shafe ni kai tsaye. A watan Nuwamban 2023 jirgin United Nigeria ya taso daga Legas za shi Abuja sai gashi a Asaba, kamfanin yace rashin kyawun yanayi ne, amma Salihu Tanko Yakasai da yake cikin jirgin ya rubuta cewa sai da ma'aikatan suka sanar an iso Abuja, wai takardar hanyar da aka ba matuƙin ce ba daidai ba, har hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da jiragen da kamfanin ya ɗauko haya. A layinmu ranar dariya aka wuni ana yi, wai matuƙi ya yi ɓatan kai kamar sabon ɗan adaidaita, ni kam wallahi jikina sanyi yayi.

Irin wannan kuskuren takardar ya faru a Turai ma, a 2019 jirgin British Airways ya tashi daga Landan za shi Jamus ya ƙare a Edinburgh ta Scotland. Wannan da sauƙi, ko ba komai filin ya san da zuwansa kuma titin ya ishe shi.

Wanda ke hana ni barci shine wanda ido ke yaudarar matuƙi. A Janairun 2014 a jihar Missouri ta Amurka jirgin Southwest ɗauke da fasinja 124 ya zo sauka Branson da daddare, matuƙan suka hango fitilun wani ƙaramin fili da ke kusa suka ɗauka nasu ne suka sauka a kai, titin ƙafa 3,738 ne kacal alhali wanda aka shirya musu ya haura ƙafa 7,000, da kyar birki ya tsayar dasu dab da ƙarshen kwalta. A 2021 kuma jirgin kaya na Ethiopian ya sauka a sabon filin Ndola na Zambiya da ba a ma buɗe ba. Duk waɗannan fa ƙwararru ne masu na'ura a gabansu, kawai sun gaskata idonsu ne suka daina duba ta.

To ina ga mu da hazo ke rufe gari? Hunturun bara muna dawowa Kano ina gefen taga ban ga ƙasa ba, fari fat kamar an watsa gari, sai da taya ta kusa taɓa kwalta sannan na hango rufin gidaje, wata hajiya a gefena ta damƙe carbi har hannunta na rawa.

Roƙona ga hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, ta tabbatar na'urar ILS mai jagorantar sauka tana aiki a filinmu kafin Disamba, NCAA kuma ta riƙa tantance matuƙan waje da ake ɗaukowa tare da jiragen haya ko sun san hanyoyinmu, kuma in an yi bincike a karanta mana sakamakon da Hausa a rediyo mu da ke biyan kuɗin tikiti mu ji.

Naka mai karatu,
daga Fagge, Kano